Kunyar Ɗan Fari a Gindin Dutsen Wuta

Ni direban bas ne a Landan. Shekara da shekaru ina jan mota daga Plumstead zuwa cikin gari in dawo, har na san ramukan titin nan fiye da haƙoran bakina. Shi ya sa duk wanda ya ce min tafiya wahala ce sai in yi masa dariya. Ashe ban san tafiya ba, zaman kujera kawai na iya. Ban gane haka ba sai da Nasiru, ɗan yayana, ya tashi aure. Ya tsallake 'yan matan Peckham, ya tsallake na Kano, ya je ya samo wata nas mai suna Maricel, 'yar wani tsibiri a ƙasar Filifins da ake kira Camiguin. Da aka nuna min wurin a taswirar waya, sai da na yi ta buɗawa da yatsu kafin ɗigon ya fito.

Yarinyar ba ta da abin kushewa. Ita ta yi jinyar Yaya Garba, mahaifin Nasiru, a asibiti lokacin da ciwon ɓarin jiki ya kayar da shi, a can ma suka haɗu. Sharaɗi ɗaya ta kafa: sai an je har gidansu an roƙi babanta baki da baki. In tsohon ya ce a'a, magana ta mutu. A wajenmu kuwa kowa ya san uba ba ya zuwa nema wa ɗansa aure, balle ɗan fari. Aikin baffa ne, wato ni. Yaya ya ce zai bi mu dai ya ga ƙasar, tunda an ce akwai ruwan zafi da ke fitowa daga dutse yana yi wa ƙafa magani. Ni na gane abin da yake nufi. Nasiru kuwa haihuwar Croydon ne, irin yaran nan da za ka yi musu Hausa su mayar maka da Turanci. Abin da ya ji kawai shi ne Baba zai zo, haka kuma ya sanar da surukai.

Manila ta tarbe mu da wani zafi mai laima, irin wanda kake ji in ka buɗe tukunyar dambu. Ni da nake cika baki cewa a Kano aka haife ni, kafin mu kai ga kaya rigata ta manne a baya. Ina rungume da ƙunshin goron da na saya a kasuwar Rye Lane ta Landan, duk inda muka tsaya sai in buɗe in yayyafa masa ruwa. Nasiru yana min tsiya wai na fi kula da goro a kan fasinjojina. Muna zaune muna jiran ƙaramin jirgin da zai kai mu kudu sai aka ce an soke tashinsa, iska ta yi yawa. A kan kujerun ƙarfe muka kwana. Wata tsohuwa da ke kusa da mu ta lura Yaya yana ta gyara ƙafarsa mai ciwo, sai ta turo masa kwalin kayanta ya ɗora. Da gari ya waye ta ba mu wata waina ta shinkafa a naɗe cikin ganyen ayaba. Ba mu san sunanta ba har yau.

A Cagayan de Oro, garin da ƙaramin jirgin ya sauke mu, aka yi mana wayo, kuma ni aka yi wa, abin da ya fi ƙona min rai kenan. Wani mai farar riga ya tare mu da gudu, wai jirgin ruwa na ƙarshe mai zuwa tsibirin ya kusa tashi, in ba mu ɗauki shatar motarsa ba sai jibi. Nasiru ya ce mu tambayi wani tukuna. Na ce masa, “Kai, bar ni da harkar mota, sana'ata ce.” Muka biya abin da ya yanka mana. Direban ya fizge mu a kan hanyar bakin teku, yana wuce manyan motoci a kwana, ni kuma ina ta taka birkin da babu shi a ƙasan kujera. Da muka isa tashar Balingoan sai ga jirage suna ta kaiwa da komowa, mutane suna shan rake hankali kwance. Yaya ya kalle ni ta saman tabarau. Ya koyar da lissafi a makarantun Landan har ya yi ritaya, wannan kallon ya ladabtar da yaran da suka fi ni taurin kai.

Ni da ruwa sai na buta. Tun da jirgin ya bar gaɓa na kama ƙarfe na riƙe, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. A nan ne kewa ta kama ni, kuma abin mamaki ba kewar Kano ba. Ɗan gidana na Plumstead na tuna, da hitar ɗumama ɗaki, da miyar kukar da matata Hajiya take ajiye min in na tashi aiki. Ban taɓa zaton zan yi marmarin sanyin Landan ba sai ranar. Can Nasiru ya taɓa ni ya nuna gaba. Tsibirin ne ya taso daga cikin teku, kore shar tun daga ƙasa har sama, duwatsu sun hau kan juna, gajimare ya rufe kan babban cikinsu. Wani fasinja ya ce sunansa Hibok-Hibok, kuma yana aman wuta in ya ga dama. Na tambaye shi yaushe yake ganin dama. Ya yi dariya ya ce ai ya daɗe yana barci.

Titi ɗaya ne ya kewaye tsibirin kamar zobe. In ka miƙe ba ka juya ba, inda ka taso za ka dawo, hanyar da ko ɗan koyo ba zai ɓata ba. Muka sauka a wani ƙaramin masauki a Mambajao, babban garinsu. Ƙasar wurin baƙa ce, har yashin bakin ruwa, ga kwakwa ko'ina. Akwai wani ɗan itace da suke ji da shi, lanzones, ƙanana kamar goruba 'yar yaye, cikinsa fari mai zaƙi. Duk gidan da ka wuce sai an miƙo maka. Abinci kuwa shinkafa da kifi da safe, kifi da shinkafa da rana. Mu uku baƙaƙe a garin da kowa ya san kowa, kafin la'asar labarinmu ya riga mu zagaye titin.

A kasuwa ina neman silifa sai na ji an ce assalamu alaikum. Wani ɗan kasuwa ne Musulmi, daga babban yankin da muka baro ya zo cin kasuwa, ana ce masa Hadji. Ya rufe rumfa ya kai ni bayanta na yi sallah, ya nuna min alƙibla. Shi ya gaya min cewa Tatay Berto, baban Maricel, ya aiko a kira shi ya yanka akuya. A al'adarsu alade ake gasawa ranar irin wannan taro, amma saboda mu tsohon ya hana, har 'yan uwansa suna gunaguni. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce a raina wannan aure an gama, saura shafa fatiha.

Ranar da aka sa, na saka kaftanina na ɗauki goro da alawa. Yaya yana zaune a barandar masauki da singileti da tawul a kafaɗa.

Nasiru ya ce masa da Turanci, “Baba, ba ka shirya ba.”

Yaya bai dube shi ba, ni ya duba. Haka suke tun yaron yana goye, ba ya kiran sunansa, ba ya yi masa magana kai tsaye in da wani a wurin. Ya ce, “Habu, gaya wa yaron nan ni wajen ruwan zafi za ni. Shi kansa da a gida ne ba zai taka wurin ba. Ku je, Allah ya ba da sa'a.”

Fuskar Nasiru ta canza. Na ja shi gefe na ce ya kwantar da hankalinsa, haka ake yi, girmamawa ce. Na yarda da abin da nake faɗa har zuciyata.

Gidan Tatay Berto yana kan gangaren dutse, sai ka bar titi ka hau wasu matakala na baƙin dutse. Gidan katako ne, bangon falon saƙar gora. Dangi sun cika tsakar gida, an jera abinci an rufe da ganyen ayaba. Tsohon gajere ne kakkaura, ya yi shekaru yana kuku a jiragen ruwa, don haka yana jin Turanci. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, sannan ya leƙa bayana. An ajiye wata kujera mai hannu a tsakiyar falo, an ɗora mata sabon matashi.

Ya ce, “Ina mahaifin? Jikin ne ya motsa?”

Da na ce e, da an wuce wurin. Amma ni da alfahari na ce, “Lafiyarsa ƙalau. A wajenmu uba ba ya zuwa, ƙaninsa yake turowa.”

Ya ce, “Na san lafiyarsa ƙalau. Ɗan ƙanwata ne ya kai shi ruwan zafi a babur ɗazu.”

Na shiga bayani, na kawo kunya, na kawo kara, na ga duk kalmar da na juya zuwa Turanci sai ta fito a rame. Tsohon ya saurare ni har na gama. Sannan ya tura min ƙunshin goron a hankali ya dawo gabana.

Ya ce, “Mutum ya ƙetare duniya, ya kasa ƙetare titi ɗaya. Na yi aiki da manyan mutane a jirgi, na san yadda ake aiko yaro wajen kuku. 'Yata za ta zauna a ƙasar da ba ni da kowa. In gidana ya yi wa uban mijinta ƙanƙanta, ita ma za ta yi masa ƙanƙanta. Ban ce a'a ba, amma ba zan ba da ita ga kujera ba.”

Maricel tana tsaye a bakin ƙofar kicin, hawaye yana zuba. Muka sauko matakalar nan ba wanda ya taɓa abincin. Wallahi ban taɓa jin nauyin ƙunshin goro irin na ranar ba.

Na sami Yaya a masauki na zayyana masa komai. Ya ce, “To ni me zan je in ce? In zauna gaban suruki in yabi ɗan da na haifa? Babanmu ya je neman aurena? Ya je naka?” Na ce a Kano unguwa guda ce take yi wa yaro shaida, an san kakansa, an san gidansu. Nan mutumin bai san kowa ba sai fuskar da ya gani. Ya ce in fuska ake so ga tawa ni ƙaninsa nan, ai kamarmu ɗaya. Na ce masa in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma sai ka nemi taka ka ɗaura. Ya ce shi ya tsufa da ɗaura jela. Raina ya ɓaci, na fita na bar shi. Nasiru kuma ya kulle kansa a ɗaki.

Da yamma na ɗauki hayar wata 'yar kurkura na ce Yaya ya zo mu sha iska, don na san in muka zauna a ɗaki ɗaya za mu faɗa wa juna abin da ba ya gogewa. Muka bi titin zoben nan. Muka wuce wata tsohuwar coci da dutsen ya taɓa binnewa, saura bango da gansakuka. Gaba kaɗan direban ya tsaya ya nuna mana wani ƙaton gicciye a tsaye cikin teku. Ya ce maƙabartar garin ce a ƙarƙashin ruwan, ƙasa ta nutse da ita lokacin da dutsen ya yi amai a zamanin kakanninsu. Na tambaye shi me ya sa ba su tashi daga wurin ba. Ya ce su je ina, nan ne gida, kuma tokar dutsen ce take sa lanzones ɗinsu zaƙi. Yaya ya daɗe yana kallon ruwan. Matarsa, uwar Nasiru, a wata maƙabarta a gabashin Landan take, na san can hankalinsa ya tafi.

Da muka dawo masauki sai muka tarar da kwanuka a ƙofar ɗaki, an ɗaure su da ƙyalle. Mai masaukin ta ce daga gidan Tatay Berto aka aiko. Naman akuyar nan ne, da shinkafa, da wani kwano daban na romo. Ta ce an ce romon na mai ciwon ƙafa ne, ba a sa gishiri da yawa ba, Maricel ta ce likita ya hana shi.

Yaya ya zauna a bakin gado yana kallon kwanon. Ya ce, “Sun yi fushi da mu, kuma suka aiko da abinci?”

Na ce, “Ga shi kuwa kana gani.”

Ya sha romon nan tas. Da ya ajiye cokali ya ce, “Fito min da babbar rigata a goge.”

Washegari da hantsi muka koma da ƙunshin goronmu. Shadda mai aiki a cikin wannan zafi, ga sanda, ga matakalar dutse. Tun a ta farko ƙafar ta ƙi. Na miƙa hannu, amma Nasiru ya riga ni. Ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin hammatar uban, ya riƙe ƙugunsa, ya san daidai ƙafar da za a fara ɗagawa ba tare da an gaya masa ba. Haka suka hau, ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallon wani. Tatay Berto yana tsaye a sama yana ganinsu. Bai jira sun ƙaraso ba, ya sauko ya kama ɗaya hannun.

Aka zaunar da Yaya a kujerar mai matashi. Bayan gaisuwa tsohon ya ce, “Abu ɗaya nake so. Ka gaya min da bakinka wane irin mutum ne ɗanka.”

Yaya ya share gumi. Ya roƙi a fitar da yaran, aka tura Nasiru da Maricel baranda. Ya dubi bangon gorar nan da ake hango inuwar mutum ta cikinsa, ya ce min, “Da Hausa zan yi. Kai ka matsa kusa da shi ka raɗa masa a kunne. Wancan in aka yi nisa a Hausa ba ya bi.” Mutumin da ya fi ni Turanci nesa ba kusa ba, ni ya mayar tafinta. Kuma tun ciwon nan kunnensa ya yi nauyi, bai san da ƙarfi yake magana ba.

Ya ce, “Gaya masa ni ban iya yabon ɗa ba, ba a koya min ba. Abin da na gani zan faɗa. Da uwarsa ta kwanta ciwon ajali, ya ajiye karatu ya dawo gida, shi ya yi ta juya ta har Allah ya karɓi abarsa. Da ni na faɗi, shi yake ɗaukata ya kai ni bayi. Ya wanke ni, ya yanke min farce, ya sa min wando, sannan ya tafi aiki. Yana yi yana kawar da kai don kada in ji kunya. Akwai ranar da baƙin ciki ya sa na watsar da kwanon abinci, ya durƙusa ya kwashe, ya sake zubo wani. Ban taɓa ce masa sannu ba. Ba don ban gani ba. Gaya masa wanda ya riƙe tsoho haka ba zai wulaƙanta 'yar mutane ba. In kuwa ta taɓa kuka a gidansa, ni zan fara sani, don ni ma 'yata ce, ta ga tsiraicina a asibiti ta rufa min asiri. Ban ƙi zuwa don raini ba. Nauyin yaron nake ji.”

Ina raɗawa ina mamaki, don ni kaina ban san rabin wannan ba. Tatay Berto bai dube ni ba sam, fuskar Yaya yake kallo. Da aka gama ya jawo ƙunshin goron da kansa, ya ɗauki ɗaya ya gatsa. Ɗacin ya murtuke masa fuska, ya daure ya haɗiye, ya ce, “Wannan abin naku sai mai haƙuri. Na ba ku ita.” Aka kira dangi, aka buɗe sabon abinci. Na ci har na nemi ƙari, surukuta ko ba surukuta ba.

Sauran kwanakin daɗi ne zalla. Kullum da safe tsofaffin nan biyu suna ruwan zafi, ƙafafu a ciki, ɗaya yana ba da labarin jirgi ɗaya yana gyara masa lissafi. Ni har kwalekwale na shiga aka kai ni wani farin yashi a tsakiyar teku, ban kuma yi ihu ba sai kaɗan.

A jirgin komowa Yaya ya sami benci ya miƙe ƙafa, barci ya ɗauke shi. Ni ina riƙe da ƙarfena, tsibirin yana ƙanƙancewa a bayanmu. Nasiru ya zo ya tsaya kusa da ni. Ya waiwaya ya tabbatar uban barci yake. Sannan ya sunkuyo ya yi min magana da Hausa, Hausarsa ta 'yan Croydon mai karkataccen harshe.

Ya ce, “Baffa, na ji duka. Kar ka gaya masa.”

Ban gaya masa ba.